Agogon Magini Ba Shi Da Ƙarfe Bakwai

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wannan kowa ya sani. Abin da hukumar zaɓe ba ta rubuta a kundinta ba shi ne, agogo ɗaya ma suke amfani da shi a wurin gini. Lokaci biyu kacal gare shi: "gobe da sassafe" da "ai yau rana ta yi." Tsakanin waɗannan biyun ake gina gidaje, da shaguna, da azuzuwa, da katangar da aka fara tun yaron gidan yana rarrafe, yanzu kuwa shi ake aikawa sayo ƙusa.

Kada wani ya ce maginanmu ba sa tsara aiki. Ƙarya ne, zalunci ne. Ni dai ban taɓa ganin masu tsari irinsu ba. Je ka wurin gini bayan la'asar ka ga heluma ya tsuguna, ya yago takardar buhun siminti, ya ɗauko guntun gawayi yana zane. Gobe ƙarfe bakwai kowa ya hallara. Lebura biyu su tankaɗe yashi, biyu su jero bulo, mai ruwa ya cika duro kafin rana ta fito. Kafin azahar an kai bango linta, bayan azahar kafinta ya buga katako, mai lanƙwasa rodi ya ɗaure ƙarfensa, jibi a zuba kankare. Mai gida yana tsaye yana gyaɗa kai, har ya fara tunanin inda zai kafe ƙusar rataye hula. A shafa fatiha a watse. Da safe da wannan takarda mai ƙosai za ta ƙunsa wa lebura ƙosansa.

Ƙarfe bakwai ma'aikaci ɗaya ne a wurin, mai gadi, shi ma don can ya kwana. Bakwai da rabi sai ga lebura guda, ya leƙa, ya ga ba kowa, ya ce bari ya sha koko ya dawo. Yana fita na biyu ya iso, shi ma ya ga ba kowa. Haka mutum shida za su zo a kan kari, kowanne ya rantse shi ya riga kowa, kuma duk gaskiya suka faɗa.

Babban magini kuwa, wanda yaransa ke kira Oga, yana hanya. Wannan hanya ita ce mafi tsawo a Jihar Katsina. Ta fi ta Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Sheme da 'Yankara. Ka kira shi ƙarfe takwas.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ga ni nan a hanya."

"Wace hanyar?"

"Ai har ina hango rufin maƙwabcinka."

A bayan muryarsa kana jin ƙarar shebur da wani yana cewa a ƙaro ruwa. Oga bai yi ƙarya ba, yana kan hanyar kammala aikin wani Alhajin ne, wanda shi ma jiya aka ce masa ana hango rufin maƙwabcinsa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar nan ta masara ce da dawa da waken suya da auduga, daga Daudawa har Sabuwa. Kuɗi da kaka suke shigowa, a lokaci guda, hannun kowa. Manomi ya kai buhuna kasuwar Ɗandume, ya dawo da niyyar ɗaki biyu da falo. Mutum ɗari su tashi gini a wata ɗaya, ƙwararrun magina kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wane magini ne zai ga kafin alƙalami ya ce a'a? Sai ya karɓa a wuri huɗu, ya raba kansa kashi huɗu, kowane mai gida ya samu rubu'in magini da cikakken alkawari.

Masu gini da suka ga watan Satumba na 2021 suna da labari. A lokacin ne, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An sha wuya ƙwarai, ciniki ya tsaya, ba a jin ɗuriyar 'yan uwa. Amma a fagen gini an samu wata 'yar ni'ima da ba a yi zato ba: "ina hanya" ta mutu murus. Magini ko dai ya zo da ƙafarsa, ko mai gida ya je ya yi masa sallama da asuba ya tasa ƙeyarsa. Ana dawo da layi a ƙarshen shekarar, hanya ta sake buɗewa, Oga ya koma kanta, bai sauka ba har yau.

To, a ce ƙarfe tara da rabi Allah ya kawo shi. Ya sauka daga babur, ya cire rigar fita ya rataye, ya sa ta aiki, ya ɗauko cokali da filam da igiya. Sai a duba duro, wayam. Mai ruwa ya ce famfon unguwa layi ya kai masallaci, jarka kuma ta ƙara kuɗi. Ruwa ya iso, sai a tuna yashin da ya rage ba zai kai azahar ba, direban tifa kuwa shi ma ɗan makarantar Oga ne, yana hanya. Yashi ya iso, sai mai gadi ya yi gyaran murya ya ce siminti buhu uku ya rage. Jiya da yamma bakwai ne. Nan za a yi shiru irin na gidan makoki, kowa ya dubi sama. Daga ƙarshe a amince cewa jiya ba a ƙirga daidai ba. Buhun siminti kilo 50 ne, amma a wurin gini yana da wani irin sauƙin ɗauka da dare wanda masana ba su gama bincikensa ba.

Yanzu bari mu juya kan mai gida, don kada magina su ce na ci kuɗin Alhazai. Shi ne babban mai rushe tsari, sai dai shi da babbar riga yake rushewa. Ya kira magini ya ce a fara ranar Asabar, alhali abin da ke aljihunsa kuɗin harsashi ne kawai da tawakkali. Ya yi lissafinsa da farashin bara. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko komai daga Funtuwa ko Malumfashi ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, na Dangote ne ko na BUA. Alhaji ya ji wannan a rediyo, ya yi salati, amma bai gyara lissafi ba. Maganin da ya samo shi ne ya matsa wa mai buga bulo ya fitar da hamsin daga buhun da ya kamata ya ba da talatin da 'yan kai. Sai a samu bulon da in lebura ya yi atishawa kusa da shi sai an sake ƙirga.

Kuma ba shi da taswira. Taswirar tana cikin kansa, kansa kuwa kowa na da mabuɗi. Ƙarfe goma sha ɗaya zai iso da abokinsa wanda ya taɓa zama a Abuja wata uku. Abokin ya zagaya, hannu a baya, ya ce yanzu an daina irin wannan taga, manya ake yi. A fasa. Bayan azahar Hajiya ta aiko ƙaramin yaro da saƙo: ita fa ba za ta yarda ƙofar ɗakinta ta kalli ta amarya ba. Amaryar da ko sadakinta ba a kai ba. A toshe, a fasa wani gefen. Surukin Alhaji ya biyo ta wajen da yamma ya ce banɗaki ya fuskanci alƙibla, wannan kam ba musu, a rushe. Bangon da aka tsara zai kai linta kafin azahar ya koma gwiwa kafin magariba. In aikin yini ake biya, Oga ya ce, "Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Alhaji." In jinga ce, nan za ka ji wa'azi kan haƙƙin ma'aikaci, da ayoyi.

Bambancin jinga da aikin yini shi ne ainihin ilimin tsara aiki a ƙasar nan, duk sauran bayani ne. Magini ɗaya, cokali ɗaya, amma mutum biyu ne. Ranar aikin yini yana ɗora bulo kamar mai shimfiɗa jariri: ya ɗora, ya ja baya, ya kanne ido, ya sa filam, ya cire, ya tambayi yaro ko ya ga ya karkace. Ranar jinga kuwa filam yana cikin jaka, igiya ta ɓata, bango na tashi kana kallo, in ka ce ya ɗan yi ciki sai a ce filasta za ta rufe. Filasta a wurinmu ita ce istigfarin gini, babu zunubin da ba a jingina mata.

Akwai kuma rundunar injiniyoyin sa-kai. Su ba a gayyatarsu, ba a biyansu, ba sa fashi. Da zarar an sauke tifar yashi za su jawo benci ƙarƙashin dalbejiya. Cikinsu akwai tela, akwai mai sayar da goro, akwai wanda tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ba a san sana'arsa ba. Su ne ke sanin kwaɓi ya yi ruwa, rodi ya yi siriri, harsashi bai yi zurfi ba. Su kaɗai ne a duk wurin suke zuwa ƙarfe bakwai daidai. Da ni ne heluma, su zan damƙa wa rajista.

In kana neman lokacin da ya dace da gini a shekara, sai ka shirya dogon jira. Da damina lebura yana gona, kuma ba ka da bakin magana, don kai ma can zuciyarka take. Da kaka magini ya rabu huɗu. Da hunturu ba mai taɓa ruwa kafin rana ta yi zafi, iska kuma ta busar da filasta ta tsattsage. Da bazara rijiya ta ƙafe. Da azumi rabin yini ne, kuɗin cikakke. Ranar kasuwa ba aiki, Juma'a rabi ce, Asabar ɗaurin aure, Lahadi gajiyar ɗaurin aure. Suna da jana'iza kuwa ba sa sanarwa, kuma na lura kakannin lebura sun fi rasuwa washegarin biyan kuɗi.

Abu ɗaya ne ba na yi wa dariya. In aiki a ƙauye yake, ta wajen dajin da ya haɗe da Birnin Gwari ko Zamfara, ma'aikaci ya ce zai tashi tun rana na sama don ya isa gida da haske, wannan ba lalaci ba ne. Mutanen Ƙanƙara ba su manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Wanda ya ce hanya ba kyau a yankin nan, a ba shi hanya. Ƙorafina kawai ga wanda gidansa ke bayan katangar wurin aikin, shi ma ƙarfe uku ya wanke cokali ya ce yana tsoron dare.

A duk wannan taro mutum ɗaya ne ba ya karɓar uzuri, shi ne siminti. Da zarar ya sha ruwa ya fara ƙirga lokacinsa, bai san suna ba, bai san abokin Alhaji na Abuja ba. Ka kwaɓa ka tafi cin abinci da doguwar hira, ka dawo ka tarar ya kama, ka ƙara masa ruwa ka ce ya farfaɗo, shi kuwa ya riƙe abin a ransa sai bayan damina biyu ya ba ka amsa a jikin bango. Shi ya sa ranar zuba dakin take zama abin al'ajabi. Ranar ce kaɗai ake ganin abin da mutanen nan za su iya. Tun asuba an cika durarruka, tsakuwa da yashi an tara, lebura ashirin sun yi layi da kwanon sarki a ka, heluma na ƙirga ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ba mai suna, ba mai jana'iza, ba mai hanya. Oga ma ya kashe wayarsa, sauran Alhazan uku su ci kansu. Hajiya ta aiko da shinkafa da wake, an ci a tsaye. Kafin magariba an shafe, an wanke shebur, an biya kowa a hannu. Wato sun iya. Tun farko sun iya. Ranar biya a take ce, kuma kankare ba ya jira, sai agogo ya tuna yana da ƙarfe bakwai.

Daga nan sai injiniya, in akwai shi, ya bar umarni: a riƙa ba dakin ruwa safe da yamma na mako guda, kada a cire katako da wuri, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Ban-ruwan a damƙa wa mai gadi, ya yi kwana biyu, na uku ya ga hadari a gabas ya wakilta shi. Katako kuma kafinta na buƙatarsa a Sheme, don haka zai zo da dare ya ɗan ƙwanƙwasa ya ji ko ya nuna. Amma batun a bar gini ya huta, wannan umarni kam ba a taɓa saɓa masa ba. Ana bin sa sau da ƙafa, har da ƙari don neman lada. Akwai wani bene da na sani, rodinsa na sama a tsaitsaye ana shanya a kai, yana cikin kwana 28 ɗinsa tun kafin a sauya fasalin naira.