Fasali Kan Abin Da Ya Hana Gwiwa Gina Hasumiyar Ƙararrawa

Ka sani, ya kai ɗalibi, duk garin da ka ga ya gina hasumiya don rataye ƙararrawa, to ƙarancin maƙogwaro ne ya dame shi. Hujjarmu mutanen Faransa. A garin Duwai sun ɗora harsashin tasu a 1380, jikin zauren majalisar gari, suka yi ta hawa har mita 54. Yau ƙararrawa 62 ke ciki. Duk wannan wahala don a ce wa jama'a gari ya waye, ko gobara ta tashi, ko majalisa za ta zauna, aikin da sankira ɗaya ke gamawa kafin kokonsa ya huce.

Na Kwampiyen sun fi ban tausayi. Suna da ƙararrawa tun ta 1303, amma mutum-mutumi uku na katako suka ɗora a sama suna buga lokaci, kuma suka sa musu sunayen abokan gabarsu: na Ingila, na Jamus da na yankin Filandas. Mai hankali zai gane an rasa ɗan garin da zai yarda ya hau ne.

Katsinawa sun kusa gano gaskiya. Gobarau ta ƙasa ce, tsayinta kamar mita 15, kuma ladan suka ɗora a kai, domin shi in ya gama kira yakan sauko ya kama wata sana'a.

Amma a ƙasar Kazaure ilmin ya cika. Shiga firamare a Gwiwa ka duba: tsohon rim ɗin mota ne rataye da waya a reshen darbejiya, gefensa ya yi fari don duka, monita na tsaye da guntun rodi. Wannan hasumiya ba a ba da kwangilarta ba, kullum ƙara tsayi take da kanta, ga inuwa, ga ganye na maganin zazzaɓi.

In wani ya ce ai ƙararrawa ta fi sankira kai sauti nesa, sai mu ce mun ji. To ta taɓa cewa "Hakimi ya gaishe ku"? Ta taɓa faɗin ranar rigakafi? Ƙara kawai take, kowa ya fito da wando a hannu yana tambayar maƙwabci me ya faru, shi ma bai sani ba.

Saura hukuncin wanda ya kwance rim ɗin lokacin hutu ya kai wa ɗan gwangwan. Wannan mas'ala ce ta fiƙihu, ba ta wannan fasali ba.