Duniya Na Tashi, Muna Zubin Adashi

Mu fa Kiristocin unguwar nan ba a bar mu a baya ba wajen sharhin labarai. Da an tashi daga sujada ran Lahadi, sai maza su taru gindin mangwaro su buɗe majalisa. Wanda ya saurari BBC da asuba ya kawo nasa, wanda ɗansa ya turo wa saƙon murya daga Abuja ya kawo nasa. To amma ko daga ina hirar ta taso, Sabon Tasha ko Gaza, masaukinta ɗaya ne. Wani zai girgiza kai ya ce, "'Yan'uwa, ai ƙarshen zamani ne." Kowa ya ce haƙiƙa, a watse a tafi cin shinkafa.

Ba yau muka fara ba. A 2014 da bankuna suka soma ɗaukar hoton yatsa saboda BVN, nan da nan muka gano lambar dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna sura 13. Akwai waɗanda suka yi rantsuwa ba za su ɗora yatsa ba; da albashi ya maƙale, su aka tarar a gaban layi tun ba a buɗe ƙofa ba. A 2020 korona ta rufe majami'u, ƙarshen shekarar kuma aka ce a haɗa layin waya da NIN, lambar dabba ta sake samun sabon gida.

Amma wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta farkon 2023, bayan da Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Faranti ya zagayo lokacin baiko, ya koma kusan yadda ya fito. Sai ga magatakardan ikilisiya a gaba yana karanta lambar asusun coci sau biyu a hankali, don kurame da masu tsohuwar waya. Tsohon da ya yi makonni yana gargaɗin cewa ciniki babu kuɗi a hannu aikin magabcin Almasihu ne, shi ne ya zunguri jikansa ya ce, "Tura mini dubu ɗaya, amma ka tabbata sunana ya fito." Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, sannu a hankali abin ya lafa. Ban ji wanda ya tashi lokacin shaida ya sanar cewa dabba ta ja da baya ba.

A nan kam ba mu da saɓani da maƙwabtanmu Musulmi. Zauna teburin mai shayi ka ji: su ce Dujal, mu ce magabcin Almasihu, a haɗu a kan cewa lokaci ya ƙure, kowa ya nemi ƙarin madara bashi.

Kada a ce ina wasa da dawowar Ubangiji. Bangaskiyarmu ce, muna kuwa jira. Sai dai a Matiyu 24 shi da bakinsa ya nuna cewa sanin ranar na Uba ne kaɗai, Bulus kuma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa ya tsawata wa masu zaman kashe wando, ya ce su kama aiki. Abin da ke damuna, maganar ƙarshen zamanin nan takan rufe hira daidai inda ya kamata a buɗe ta. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Ina kuɗin da aka ce an tsimi suka shiga? Nawa ke isowa ƙaramar hukumarmu duk wata? Me ya hana a gyara kwalbatin da ke cinye mana hanya kowace damina? Waɗannan sai an yi karatu an bi sawu, ita kuwa girgiza kai kyauta ce. Alhali kansilanmu yana nan zaune a bencin gaba, mu ne ma muka gayyato shi babban baƙo ran godiyar kaka, muka tafa masa.

Matan zumunta fa, su ne suka fi kowa ɗaga murya in ana waƙar zuwan Almasihu, tulu na amsawa, zani iri ɗaya, har ƙura ta tashi. Amma je ka taronsu na tsakiyar mako. Littafi ne a buɗe, ba Mai Tsarki kaɗai ba, har da na lissafi. Kowace ta kawo mudu guda don gwauraye da marayu, a tara kuɗi a aika Saminaka a sayo masara da kaka tun tana araha, a ajiye sai bazara. In ka yi musu magana su ce ai Yusufu ma haka ya yi a Masar. Ga adashi kuma, zubi ba fashi.

Na taɓa tsokanar uwar adashin, wadda ba ta rabuwa da cewa da wuya duniyar nan ta kai Kirsimeti. Na ce, "Mama, in aka busa ƙaho kafin layi ya zo kanki fa?"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, kai a ganinka me ya sa na roƙi kwasar farko?"