Ijtihadi a Gaban Tukunya

Mutanen jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, inda ƙaddara ta kai ni neman ƙarin ilmi bayan furfura ta riga ta fara leƙowa a gemuna, suna da wani abinci da suke alfahari da shi ƙwarai, har ma na gabashin jihar da na yammacinta ba su taɓa yin ittifaƙi a kan romon da ya dace da shi ba, waɗancan suna cewa ruwan khal da barkono sun wadatar, waɗannan kuwa suna cewa sai an ƙara tumatir. Asalinsa naman alade ne, a'uzu billahi, wanda akan ɗora a kan garwashin itace tun dare har hantsi, sai ya yi laushin da za a sa cokula biyu masu yatsu a yayyage shi zare-zare. Wanda ya san dambun nama ya san rabin siffarsa, illa dai shi wannan ba a soya shi ya bushe, a jiƙe ake cusa shi cikin burodi.

Maƙwabcina a gidan da muke haya, wani saurayi mai ladabi wanda iyayensa suka zo daga Hong Kong, da yake ba shi da garwashi kuma ba shi da daren da zai ɓata, sai ya riƙa dafa nasa da kayan ƙanshin ƙasar iyayensa a cikin wata tukunya mai shaƙe tururi, cikin sa'a guda ya gama. Ƙanshin nan ya yi ta bi ta ƙarƙashin ƙofata har na kasa mutala'a, na fita na tambaye shi. Da ya faɗa mini sunan dabbar na ja da baya ina istigfari. Amma da dare ya yi, na kwanta ina juya mas'alar, sai na ga illar haramcin tana ga dabbar da kuma giyar shinkafar da yake ɗigawa, citta da tafarnuwa ba su yi laifin komai ba. Kafaɗar rago kuwa tana da kitse da jijiyoyi kamar yadda ake bukata, saboda haka ƙiyasi ya inganta. Da gari ya waye na roƙe shi ya rubuta mini yadda ake yi, na sayo nama wurin wani mahauci Musulmi, na kuma sayo tukunya sabuwa fil, domin tasa ba ta aruwa gare ni.

Da yake ba ɗabi'ata ba ce in yi mu'amala da abin da ban san nasabarsa ba, sai na tafi laburare na binciki tarihin tukunyar. Na samu cewa wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙago ta a birnin Landan a shekarar 1679, kuma a 1682 aka yi wa manyan masana na Ingila walima da ita, inda hatta ƙasusuwa suka yi lugub aka ci. Hikimarta ita ce, ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce zafin digiri 100, in ya kai nan sai ya zama tururi ya gudu. Amma idan aka rufe masa ƙofa da murfi mai zoben roba, aka ɗora wani ɗan ƙarfe mai nauyi a kan ƴar kafar da zai fita, sai zafinsa ya haura zuwa wajen 120, jijiyar da kan yi yini ba ta sallama ba, sai ta narke kafin ka kai ƙarshen hizifi biyu. Bayan na ƙoshi da wannan ilmi, ɗan littafin da ya zo cikin kwalin tukunyar na ɗauke shi a matsayin muƙaddima ta ƴan farko, na sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur da ke girgiɗi.

Ranar Juma'a a masallaci na gayyaci mutum biyu, wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da wani likita Bazazzagi. Amma labarin nama a ƙasar baƙunci ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, kafin in kai gida sai da takalma suka cika bakin ƙofa. Dole na ninka naman. Na zuba baƙin ruwan waken suya mai gishiri, da wani romo mai kauri da zaƙi da ake kira hoisin, da man riɗi, da garin yaji biyar na Sinawa, wato kirfa da kanumfari da ƙwayar fenel da barkonon Sichuan da wani ɗan itace mai siffar tauraro. Na ƙara zuma ludayi guda daga ijtihadina. A takardar maƙwabcina an ja layi ƙarƙashin wata magana, cewa kada abin da ke ciki ya wuce sulusi biyu na tukunya, amma da na dubi yawan baƙi na dubi tukunya, na hukunta cewa wannan mustahabbi ne, lalura kuwa tana da nata hukunci. Na danna nama har wuya, na murɗa murfi.

Sa'a guda ɗan ƙarfen nan yana rawa yana huci, hira tana mutuwa a hankali, idanu suna komawa madafi. Na kashe wuta. Saura sharaɗi na ƙarshe, wanda shi ma an ja masa layi: a bar ta rubu'in sa'a ta huce don kanta. Alhaji ya dubi agogo, ya gyara zama, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai na ga la'asar tana ƙaratowa."

Na ɗauki cokali, na yi bisimilla, na ɗage ɗan ƙarfen.

Abin da likita ya bayyana mana daga baya, muna tsaye a titi, shi ne ruwan da ke digiri 120 matsi ne kaɗai ya hana shi tafasa, da zarar an ɗauke matsin sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, kuma in bai sami sarari a cikin tukunya ba sai ya nemi sarari a waje. Namu ya nemi silin. Wani baƙin zare na romo ya miƙe fuu daga ƴar kafar nan, ya bugi rufin ɗaki, ya dawo yayyafi a kan hulata da babbar rigar Alhaji ta shadda fara, sauran ya sauka a kan ƙarfen murhun lantarki da bai huce ba, zuma ta kama ƙonewa. Nan take ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, ta gidan gaba ɗaya ta amsa mata, har da wata tsohuwa daga bene na uku ta sauko rungume da kyanwarta. Kafin mu gama salati motar ƴan kwana-kwana ta iso da jiniya. Babbansu ya shiga da gatari a hannu, ya dubi silin, ya dubi tukunya, ya dube ni ina tsaye tsamo-tsamo da cokali, ya buɗe taga ya fita bai ce uffan ba. Maƙwabcina ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, "Malam, ai na ja layi." Na ce masa layi ba nassi ba ne.

Da ƙura ta lafa muka buɗe tukunya, sai ga nama ya narke, cokali na taɓa shi yana wargajewa, ban da na ƙasa da zuma ta manne da gindi ya zama gawayi. Muka yi la'asar, muka zauna ci, a nan ne aka buɗe mas'alar wa zai biya mai gida kuɗin fentin silin. Na kafa hujja cewa wanda ya jawo sababi shi ne ya cancanci ramuwa. Likita ya ce ƙa'ida sananna ce, idan mai sababi ya haɗu da wanda ya aikata da hannunsa, mai hannu ake kamawa, sannan ya tunatar da ni kuɗin wankin shadda. Na nemi a ji ta bakin Alhaji. Ya haɗiye lomar da ke bakinsa, ya ce shi dai lokacin salla ya ambata, kuma bai taɓa jin inda aka ci mutum tara don ya tuna wa jama'a salla ba. Sannan ya jawo tukunyar gabansa, ya tambaya ko akwai sauran burodi.