Jama'ar Gidan Jego

Jariri ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin a gama wanke shi labari ya zaga dangi ta WhatsApp, kuma daga ranar har a yi arba'in gidan ya zama na kowa. A ce yarinya aka samu, a ce kuma akwai ɗan shekara uku a gidan, wanda jiya shi ne auta, yau aka wayi gari ana ce masa "Yaya" ba wanda ya nemi shawararsa. To, kallo ya samu. Ko a Kano ka leƙa, ko Zariya, ko Maraɗi, mutanen nan dai za ka tarar, fuska ce kawai ke canzawa.

Hajiya mai ruwan zafi

Kakar jaririya ce, ko wata goggo da dangi suka wakilta. A haihuwar fari mace ce ke tafiya gida wanka. A ta biyu kuwa sau da yawa wankan ne ke biyo ta har ɗaki, tare da Hajiya da jakarta da ƙullin yajin jego. Kafin kiran assalatu ta ɗora tukunya, ta tanadi ganyen darbejiya. Ma'auninta ɗaya ne: in mai jego ba ta yi ƙara ba, ruwan bai yi ba. Safe da yamma, kwana 40, ba hutun Juma'a.

Fanka abokiyar gabarta ce. Ko a zafin Afrilu sai ta naɗe jaririya da hula da safa da shawul, wai kada iska ta shige ta. Sai kunun kanwa, kofi bayan kofi. In ka ce mata tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa yawan kanwa da gasa jiki suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego, sai ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, "Ni goma na haifa, duk da shi na yi jego. Ga ni zaune." Ba a kayar da ita a gardama. Masu wayo a ɓoye suke rage kanwar, su yabi kunun a fili. Da can Yaya ne "maigidanta", da shi take raba goro da tsokana. Yanzu duk hankalinta na kan wadda take kira kishiyarta.

Kwamitin binciken kama

Da sun shigo sai su karɓi jaririya su nufi bakin taga. "Hancin nan na gidan Alhaji ne." "Goshin kuwa namu ne, ba musu." Wata ta lanƙwasa kunne ta duba bakinsa, ta yanke hukunci: "Wannan farin na haihuwa ne, baƙa za ta yi." Yarinyar kwananta uku a duniya, fuska a kumbure, amma har an raba ta tsakanin dangin uwa da na uba, kowa ya ɗauki rabonsa. Gashi da dogon hanci suna da masu su da yawa. Kukan dare ne kaɗai ba wanda ya yarda daga gidansu aka gado shi. Da aka juya aka tambayi Yaya, "Kai da wa ka ga ta yi kama?" sai ya leƙa bakinta da kyau ya ce, "Ba ta da haƙori." Shi kaɗai ne a ɗakin ya faɗi abin da ba a iya musantawa.

Likitar unguwa da likitar waya

Ta farko ba ta taɓa taka makarantar kiwon lafiya ba, amma ba ciwon da ba ta da maganinsa. Cibiya? A gasa da tsumma, a shafa man goge baki. Kuka? A kira wanzami ya duba belu. "Ku ba ta ruwa mana, wannan zafin ko babba ya ji ƙishi!"

Ta biyu ƙanwar maigida ce, 'yar jami'a, waya a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Cibiya man da aka bayar a asibiti za a shafa, ba wani abu ba. Zuma sai an shekara. Idon jariri ya yi rawaya, shawara ce, asibiti za a kai shi ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba. Katin riga-kafi ma a kanta yake: allurar BCG da ɗigon shan inna bayan haihuwa, a koma a sati 6, da 10, da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. Abin haushin, duk gaskiyarta ce. Sai dai yadda take karanto ta a gaban tsofaffi, ko mai niyyar yarda sai ya fasa. Kuma da jaririya ta yi kashi, nan take ilimin ke ƙarewa: "Anti, karɓe ta, ina jin ta ɓata jiki." Mai jego kuwa kowacce ta yi magana sai ta ce "to".

Angon ƙarni

Iri biyu ne. Na farko a ganinsa da ya yi huɗuba, ya sayi rago, ya raba goro da alawa, ya sauke nauyi. Ya kwashe matashinsa ya koma falo, wai don ya ba su wuri. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince a ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa, shi kuwa a majalisa ya ci nasa yana karɓar barka. Da safe ya leƙo yana miƙa: "Yarinyar nan kuwa ba ta da rigima, ko motsinta ban ji ba." Wadda ya gaya wa, sau shida ta tashi a daren.

Na biyu mai ƙwazo ne, kuma ƙwazonsa aiki yake ƙarawa. Shi zai shirya Yaya zuwa makaranta. Yaro ya fita da kayan wasanni ranar da ba a wasanni, takalmin hagu a dama, kwandon abinci ba komai sai biskit da zoɓo. Kafin azahar antin aji ta kira waya tana tambaya ko lafiya. In ya shiga ɗaki zai ɗauki 'yarsa, Hajiya ta kore shi: "Namiji da ɗakin jego? Ba ka jin ƙarni?" Sai ya fito tsakar gida ya zauna, shi da Yaya, korarru biyu, yana lissafin kuɗin famfas a waya.

'Yan barka masu dogon zama

Da hantsi suke zuwa, da sabulu biyu da yara huɗu. "Barka da arziki. Ya jego? Ya ruwan zafi? Allah ya raya." Gaisuwar minti biyu ce, zaman kuwa sai magariba. A ci na rana, a tambayi ina kauri, a kawo labarin wadda aka yi wa kishiya a layin baya. In jaririya na barci sai a tashe ta, don ba a zo daga Rijiyar Lemo a koma ba a ga idonta ba. Shawarar da suka fi bayarwa ita ce, "Ki riƙa kwanciya duk lokacin da ta yi barci," kuma a kan gadon mai jegon suke zaune suna faɗa. 'Ya'yansu sun kewaye motar wasan Yaya, ba a jima ba taya ɗaya ta fita. Ya buɗe baki zai yi kuka, sai a ce, "Haba Yaya, kai fa babba ne yanzu." Jiya an hana shi riƙe kofin gilas saboda shi yaro ne.

Mai tsokana

Ba gidan da ba ta. Ba ta da mugun nufi, nishaɗi take nema. "Yaya, an ƙwace maka Mama! Yanzu kai an yar da kai." Yaro ya yi shiru yana kallonta, ita tana dariya har da tafi. Sai ta saɓa jaririya a kafaɗa ta nufi ƙofa: "To, na tafi da ita gidanmu." A nan yara suka kasu. Wani ya fashe da kuka ya riƙe zanenta. Wani kuwa ya ruga cikin ɗaki, ya fito da majanyi a hannu ɗaya, ledar famfas a ɗaya, ya miƙa mata: "Ga kayanta." Ɗaki ya ɗauki dariya, Mai tsokana ta tafi gida ta kwanta lafiya. Uwar ce za ta biya da dare, sa'ad da yaron da ya yi watanni bai jiƙa shimfiɗa ba ya jiƙa ta.

Yaya da kansa

Sarki ne da aka tuɓe ba laifin tsaye ba na zaune, aka kuma ce ya tsaya a fada ya taya sabon sarki murna. Shi kaɗai ya tara mutum huɗu a jikinsa.

Akwai mai tambaya. Ta ina ta fito? A asibiti aka sayo ta? Nawa? Me ya sa ba ta magana? Yaushe za a mayar da ita? Akwai mai gadi, wanda ke tare ƙofa ya ce wa baƙi, "Kar ku taɓa, tamu ce," shi da ya mintsine ta ɗazu don ya ji ko tana aiki. Akwai mai taimako, kuma shi ne abin tsoro. Ya ji Hajiya na cewa sanyi, sai ya ja bargo ya rufe ƙanwarsa har fuska. Ya ga tana kuka, sai ya gutsuro ƙuli-ƙulinsa ya nufi bakinta, da zuciya ɗaya. Shi ya sa ba a barin su biyu a ɗaki ko na ɗauko buta ne.

Na huɗu shi ne mai komawa baya. Yaron da ke cin abinci da kansa ya ce sai an ba shi a baki. Yana son goyo, yana son a ɗana masa nono, ya koma maganar gwaranci. Wasu su ce shagwaɓa, wasu har su fara zancen a nemo tofi. Alhali lissafi ya yi, kuma bai kuskure ba: ya duba ya ga a gidan nan wadda ba ta iya komai ba ita ke samun komai. Ga shi da sanin lokaci. Sabon jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a wuni da kwana, kuma duk sanda uwa ta zauna ta gyara ta a cinya, sai murya ta taso daga banɗaki: "Mama! Na gama!"

Mai jego

Ita ce aka zo dominta, ita ce kuma ba a tambaya. Da hannu ɗaya take komai, tuwonta kullum sai ya huce. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, an yi mata lalle, ta sauya kaya sau uku don hoto, tana murmushi tana jin ɗinki. Ga kuma alkunya: Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa a gaban surukai, balle ta rungume shi. Ya zo ya raɓa jikinta cikin mutane, dole ta ce, "Kai, matsa can." Ba ya fahimtar kunya ce, abin da ya gani kawai an ture shi an riƙe wata. Sai ɗaki ya watse take jawo shi ta ɗora a ƙafa, in bai riga ya yi barci a kan tabarma da takalmi a ƙafarsa ba.

Wadda ba a cika samu ba

A taron barka guda da ƙyar a sami ɗaya. Da ta shigo ba gado take nufa ba. Sai ta durƙusa a gaban yaron: "Yaya, barka! An ce kai ne mai ƙanwa. Za ka nuna mini ita?" Ya kama hannunta ya ja ta, yana ƙafafa. Ta ajiye sabulun jaririya, ta zaro biskit ta ce wannan na mai ƙanwa ne. Ba ta ba da shawara, ba ta duba kunne. Ta ga kwanuka a bakin rijiya sai ta naɗe hannun riga. Da za ta tafi ta ce, "Yaya zai raka ni, in dawo da shi bayan la'asar. Ke kuma ki rufe ƙofa ki kwanta." Ba za ka gan ta a hotunan suna ba, lokacin tana madafa. Amma bayan shekara goma in ka tambayi matar gidan wa ya zo mata barka a wannan haihuwar, da sunanta za ta fara.

Arba'in na cika Hajiya ta ɗaure jakarta, mai jego ta fita yawon gaishe-gaishe, maigida ya dawo da matashinsa daga falo. Daidai lokacin, wajen sati shida, jaririya ke fara murmushi na sanin fuska. Kwamitin kama bai samu ba, likitocin biyu ba su samu ba. Wanda ke tsalle a bakin gado yana kukan akuya shi ya samu, nan take kuma ya sanar da gida cewa an fasa mayar da ita asibiti. Sulhun yana riƙewa har wajen wata takwas, ranar da ta yi rarrafe ta ɗora hannu a kan motar nan mai taya uku.