Sai Godiya, Ranka Ya Daɗe

A kamfanonin Sharaɗa da Bompai akwai majalisar da ba ta fashi: ta teburin mai shayi, bayan azahar. A nan ake feɗe manaja har wutsiya. Malam Wane zai rantse cewa wannan watan ne na ƙarshensa a wurin. Tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 yake wannan rantsuwa, har mai shayin ya haddace ta, yana tuna masa idan ya tsallake wani wuri.

A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi, daga naira 30,000 zuwa 70,000. Ma'aikata suka ƙura wa waya ido suna jiran alat. Ashe dokar ta ɗauke wa duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Nan take Allah ya buɗe wa Oga ilimin lissafi. Mutum sittin ke shiga get da safe, amma a takarda 24 ne cif. Sauran duk 'yan wucin gadi ne, ciki har da wani dattijo da ya yi ta wucin gadin har ya aurar da 'ya'ya biyu, yanzu jika yake jira.

Ƙarin girma kuwa ba a rowarsa, tunda ba ya taɓa asusu. Jiya kana akawu, yau ka zama Babban Mataimaki na Musamman ga Mataimakin Manaja. Albashi na nan inda ka bar shi, sai dai labari ya isa ƙauye, kowa ya tuna da lambarka. Kujerar da kake hari an ajiye wa ɗan ƙanwar Hajiyar Oga, ana jira ya gama hidimar ƙasa.

Ran nan Oga ya kira taro. "Mu nan 'yan gida ɗaya ne. Akwai mai ƙorafi?"

Wuri ya yi tsit. Idanu suka koma kan Malam Wane. Ya miƙe, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mu dai sai godiya. Allah ya ƙara arziki."

Amin ɗin har bakin titi aka ji ta. Addu'ar kuwa ba ta faɗi ƙasa ba, don ba a rufa mako biyu ba Oga ya sauya mota. Washegari aka manna sanarwa cewa saboda halin da ƙasa ke ciki, an dakatar da alawus ɗin sufuri har sai abin da hali ya yi.