Jama'ar Gem a Rumfar Mai Caji

Duk wanda ya zauna a ƙasar Birnin Gwari a ƙarshen 2021 ba zai manta da watanni biyun da gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya ba, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Waya ta koma tocila. Amma a Gayam rumfar mai caji ba ta rasa jama'a ba, domin akwai abin da ba ya neman sabis ballantana data, wato tsohon gem. Ɗaya ya tura wa ɗaya ta Xender, shi ke nan an yi ciniki.

Ga wanda bai san dawan garin ba, wata manhaja ake sa wa waya sai ta yi shigar burtu, ta kwaikwayi na'urar da aka daina ƙerawa tun tuni, gem ɗin ya zaci yana gidan ubansa. Wadda ta fi farin jini a nan ita ce PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012 don kwaikwayon PSP ta kamfanin Sony. Akwai ePSXe mai kwaikwayon PlayStation ta farko, akwai masu kwaikwayon Sega da Nintendo. Ni dai mutanen da ke kewaye da wayar sun fi ba ni nishaɗi a kan abin da ke cikinta.

Akwai Injiniya. Shi bai taɓa buga gem ya kai ƙarshe ba, kuma ba ya da niyya. Aikinsa saiti. Da ya ga waya a hannunka sai ya ce, "Kawo in saita maka, tana daskarewa." Ko da lafiyarta lau. Zai buɗe ZArchiver, ya kwance fayil, ya rage wannan, ya ƙara wancan, har 'yan ƙwallo su koma baƙi ƙirin ba fuska, sannan ya ce laifin wayarka ne. Burinsa a duniya ya sa gem ɗin PlayStation 2 a cikin ƙaramar Itel, ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Wayar za ta yi zafi har ka iya ɗumama tuwo a bayanta, shi kuwa yana cewa saura kaɗan.

Sai Kawu A-Zamaninmu, wanda ya yi zaman Kaduna yana saurayi, ya ƙarar da kuɗin tara a gidajen gem. Wannan bawan Allah bai yarda an sake yin gem a duniya ba tun daga Winning Eleven ta PlayStation ta farko. In ka nuna masa na zamani, mai gumi a goshin 'yan wasa, sai ya taɓe baki ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Kuma a gaskiya yana da hujja, sunan hujjar Tijjani Babangida. Haifaffen Kaduna ne, ya buga wa Ajax, yana cikin waɗanda suka ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta a 1996, kuma Japanawan kamfanin Konami sun ba shi gudun da ya kai maƙura a cikin wasan. Dabarar Kawu ɗaya ce tal, shekara ashirin da ɗoriya bai sauya ta ba: a ba Babangida ƙwallo a gefen dama, a danne maɓallin gudu, a bar wa Allah sauran. In an hana shi Najeriya ya ɗauki Brazil, ya ciro Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba. Har rantsuwa yake yi cewa mai sharhin wasan Bahaushe ne, wai Kabiru sunansa, ci-rani ya kai shi Japan. Mutumin dai Jon Kabira ne, Bajapane, amma wa zai tsaya musu da Kawu alhali ya zura maka uku?

Wanda Kawu ya fi lallasawa shi ne Mai Uzuri. Ba a taɓa cin sa da gaskiya ba. Ko gilashin wayar ne ke santsi, ko rana ta haske masa ido, ko ƙarar janareto ta ruɗa shi, ko wani ya yi masa sallama ana tsaka da bugun fanareti.

A bayansu kuwa Kocin Baki na tsaye, ba shi da waya, ba ya kuma karɓa in an miƙa masa. "Ba shi! Buga! Kai, Yaya, me ya sa ba ka buga ba?" In ta shiga, shawararsa ce. In ta fita, ai dama ya faɗa.

Wanda ni kaina nake jin haushinsa shi ne Sarkin Adana. Waɗannan manhajoji suna da wata dama da na'urorin asali ba su da ita: kana iya daskarar da wasa a duk inda kake, in ka mutu ka dawo daidai wurin. Da can Contra rai uku take ba ka, sai fa in ka san sirrin nan na sama-sama, ƙasa-ƙasa, hagu-dama, hagu-dama, B, A, ta ba ka talatin. Mutane sun sha wuya kafin su ga bos na ƙarshe. Shi gogan naka taku ɗaya adana, tsalle ɗaya adana, harsashi ya taɓa shi ya koma baya kamar ba a yi ba. Bayan kwana uku ya zo majalisa yana bugun ƙirji wai ya gama Contra bai mutu ko sau ɗaya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa. Wannan a mota ya ci nasa.

Dillali kuma ga shi can kusa da allon soket, da memori cike da kaya. Zai sayar maka da sabon gem ɗin ƙwallo na PES na bana, da Osimhen da Lookman da sabbin riguna. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne PES 2014 ne na ƙarshe da Konami ta yi wa PSP, sunan PES ma an sauya shi zuwa eFootball tun 2021. Tsohuwar mota ce wasu masu basira suka yi wa sabon fenti. Kuma kamfanonin nan ba sa wasa da haƙƙin mallakarsu: a 2024 Nintendo ta maka masu manhajar kwaikwayo ta Yuzu a kotu a Amurka, sai da suka amince da biyan dala miliyan 2.4 suka rufe shago. Na faɗa wa Dillali wannan labari, ya ce su zo ta hanyar Buruku, yana jiran su.

Tafinta ba ya jin Turanci, amma bai hana shi fassara God of War ba, salon masu fassarar fim ɗin Indiya. Kratos ya koma Mai Sanƙo, fadan allolin Girka ya koma rikicin gado tsakanin 'yan uba, yara sun kewaye shi baki buɗe. Sau da yawa labarinsa ya fi na asali daɗi. GTA ce kawai ban son ganin ya kunna wa yara. A ƙasar da aka san ƙarar bindiga da kunne, fashin mota da harbi a titi ba abin dariya ba ne.

Akwai kuma wadda ba ta zuwa rumfar ko kaɗan, amma sunanta na yawo a cikinta. Maigida zai kawo wayarsa caji da safe yana mita wai batir ya lalace, ba ya kwana. Batir lafiyarsa ƙalau. Uwargida ce, bayan an yi isha'i yara sun kwanta, take jera tubalin Tetris har ta kafa makin da duk mazan majalisa suka kasa kamowa. Shi da kansa ya gwada mako guda, daga ƙarshe ya ce ai wannan wasan mata ne.

Baba Mai Faɗa shi ne cikon benci. Kullum wa'azinsa ɗaya, yaran zamani sun bar noma sun kama danne-danne. Ran nan jikansa ya sa masa Super Mario Bros. ta 1985, wadda duk girmanta bai wuce kilobayit 40 ba, hoto ɗaya na wayarka ya ninka ta sau da yawa. Aka ji Baba shiru. Can sai ga salati, ya faɗa rami. Ya ce, "Kai yaro, dawo min da shi, ban shirya ba."

In ana tambayata abin da ya cancanci wuri a memori, na ce Mario, da Contra ba tare da adana ba, da Tekken 6 don raba gardama, sai Winning Eleven. In kuma hanya ta biyo da kai Gayam, mai karatu, ka taho da cajarka, sannan kada ka kuskura ka bar Kawu ya riga ka ɗaukar Najeriya.