Manajoji Dubu a Kujerar Baya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ranar da aka lallasa Arsenal a zamanin Wenger, ya san babu sana'ar da ta kai horar da ƙungiya yawan gwanaye marasa albashi. To, sai da na je Boston na gane namu wasan yara ne. A 2011 ina karatu da rana ina tuƙa tasi da dare, kuma a watan Satumba na shekarar na ɗauki manajojin Red Sox a kujerar baya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka taɓa ba aikin, amma kowa ya san inda aka yi kuskure, da ranar, da minti.

Red Sox ita ce ƙungiyar besbol ta garin, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya tare ta da kulki. Abin da ya sa ciwonsa ya fi na ƙwallon ƙafa shi ne wasa 162 ake bugawa a kaka guda, daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Ɗan Arsenal yana da mako guda ya yi jinya. Ɗan Red Sox kuwa kafin miki ya bushe an sake fama shi. A farkon Satumban nan ƙungiyar tana gaban Tampa Bay Rays da tazarar wasa 9 a neman gurbin shiga zagayen fitar da gwani, har mutane sun fara tanadin kuɗin tikiti. Wasa 27 suka buga a watan, suka ci 7, aka cinye su 20. Manajan shi ne Terry Francona, wanda kowa ke kira Tito kamar tare suka yi makarantar allo.

Wanda na fara sani shi ne Kore-Shi. Kafin in gan shi da ido na san muryarsa, domin shi ne ke bugo waya gidan rediyon wasanni na WEEI da tsakar dare yana huci. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. Mai jifa ya gurɗe, a kori manaja. An yi ruwa an ɗage wasa, a kori manaja. A watan Afrilu, da ƙungiyar ta faɗi wasa 10 cikin 12 na farko, ya nemi a kori Tito. Da suka farfaɗo suka yi ta cin wasa duk tsawon bazara, ya yi shiru kamar ruwa ya cinye shi, yana fama da ciwon rashin abin zagi. Satumba na kamawa sai ga shi ya yi ƙiba, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Na taɓa tambayar wani irinsa wa za a kawo idan an kori Tito. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Kowa ma. Kai ma za ka iya." A lokacin ban ma gama sanin ta wane gefe ake zagaya filin ba.

Ƙaninsa shi ne Ai-Na-Faɗa. Wannan ba ya hasashe sai bayan an tashi daga wasa, kuma hasashensa bai taɓa kuskure ba. Shi ya faɗa tun farko cewa dala miliyan 142 da aka zuba wa ɗan wasa Carl Crawford na shekara 7 asara ce. Wa ya faɗa wa? Matarsa, wadda ba ta nan balle ta ƙaryata. A shagon askin da nake zuwa akwai wani irinsa, wanda mai shagon ya rantse mini cewa ranar da aka sayi Crawford shi ya saya wa kowa shayi don murna.

Amma wanda ya fi cin raina, kuma ya fi ba ni tausayi, shi ne Tsoho Mai Kundin Baƙin Ciki. Wannan ba ya fushi. Murmushi yake yi, irin na wanda ya binne mutane da yawa. Idan matasa na kururuwa a kan Satumba, sai ya gyara zama ya ce ai ba su ga komai ba, daga nan ka shiga uku, domin sai ka ji kundin tun daga bangon farko. Zai fara da ƙarshen 1919, lokacin da mai ƙungiyar, Harry Frazee, ya sayar da Babe Ruth ga New York Yankees, abin da mutanen garin suka ɗauka a matsayin baki da ya bi su shekara 86 ba kofi. Bai ga wannan da idonsa ba, amma yana ba da labarin kamar shi ya riƙe wa Frazee alƙalami. Sai 1978, da suka ba Yankees tazarar wasa 14 a watan Yuli a ƙarƙashin Don Zimmer, aka kamo su, aka buga wasan raba gardama a Fenway, filin Boston, wani Bucky Dent na Yankees da ba a san shi da ƙarfin bugu ba ya tsallake da ƙwallo saman koren katangar filin. Har yau mutanen Boston ba sa kiran sunan mutumin nan sai sun cusa ashar tsakanin Bucky da Dent, ka ce sunan yanka ne. Sai 1986, da ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafun Bill Buckner a wasa na shida da New York Mets, alhali manaja John McNamara ya saba canza shi da Dave Stapleton idan ana neman tsare nasara.

Daga nan sai ya numfasa, ya zo kan 2003, wadda ita ce surar da ya fi ƙwarewa a kanta. Wasa na bakwai da Yankees, wanda ya ci ya tafi World Series, wato zagayen ƙarshe na neman kofi. Boston na gaba da 5 da 2 a zango na takwas cikin tara. Pedro Martinez, gwanin masu jifa, hannunsa ya gaji, kowa a Amurka ya gani, har da wanda ke kallo ta tagar maƙwabci. Manaja Grady Little ya taka har tsakiyar fili, ya yi magana da Pedro, ya juyo ya bar shi. Aka rama 5 da 5, Aaron Boone ya ƙarasa su a zango na sha ɗaya. Little ya ci wasa 95 a shekarar, amma ba a sabunta masa kwantiragi ba. Abin mamakin tsohon nan shi ne kofunan 2004 da 2007, waɗanda Tito ya kawo, ba sa cikin kundin. Idan ka tuna masa sai ya kaɗa hannu kamar ka kawo zancen da ba shi da alaƙa da maganar. Na lura daɗin Satumban 2011 ya ji a ɓoye: duniya ta koma yadda ya san ta. Na taɓa kai shi ƙofar gidansa, mita na ci, ya ƙi sauka sai da ya kai aya.

Akwai kuma Malam Lissafi, matashi mai tabarau da kwamfuta a jaka, almajirin Bill James, mutumin da ya yi suna wajen auna besbol da alƙaluma har Red Sox ta ɗauke shi mashawarci a 2002. A wurinsa manaja kusan hoto ne, tunda ba shi ke jifa ba, ba shi ke bugu ba. Laifin na masu jifa ne, yana da lambobin: John Lackey ana zura masa maki sama da 6 a kowane zango tara. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ba wanda ke son zama kusa da shi. A farkon wata ya tabbatar mini cewa damar Boston ta haura kashi 99 cikin 100. A tsakiyar wata ya ce har yanzu lissafi na tare da su. A ƙarshen wata ya bayyana mini, cikin natsuwa, cewa lissafin bai yi kuskure ba, kashi ɗayan ne ya faru.

Mai Camfi shi bai yarda laifin Tito ba ne, bai kuma yarda na Lackey ba ne. Nasa ne. Ya wanke hular da ya yi wata huɗu bai wanke ba, washegari aka fara faɗuwa. Wani ya sa na kashe rediyo a tsakiyar wasa domin duk lokacin da ya saurara a mota ana cinye su. Na kashe, aka cinye su, ya ce na makara.

'Yan hula ruwan hoda ba sai na ɓata tawada a kansu ba. Haka tsofaffin magoya baya ke kiran waɗanda suka shigo bayan 2004, masu zuwa Fenway don ɗaukar hoto. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: kafin wata ya raba sun koma kallon Patriots, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka.

Lauyan Tito ya fi su daraja, ko da yake shi ma yana da gajiyarwa. Hujjarsa biyu ce, 2004 da 2007, kuma da su yake amsa kowace tambaya. Me ya sa aka bar mai jifan nan ya daɗe? 2004. Me ya sa 'yan wasa suka yi sanyi? 2007. Idan Lauya da Kore-Shi suka haɗu a shagon aski, mai shagon yakan ajiye reza sai sun gama, don kada ya yanke kunnen wani.

Daren 28 ga Satumba duk suka haɗu a jirgi ɗaya. Boston na Baltimore tana wasa da Orioles, 'yan ƙarshen teburi, tana gaba da 3 da 2. Can a Florida, Yankees na cin Rays 7 da nema. Aka yi ruwa a Baltimore aka dakata, kafin a dawo Rays sun rama duka bakwai ɗin. Jonathan Papelbon, mai rufe wa Boston wasa, ya fitar da mutum biyu a zango na tara, saura ɗaya tak, sai aka jera masa bugu uku, na ƙarshen daga Robert Andino, ƙwallon ta faɗi a gaban Crawford mai miliyan 142. An tashi 4 da 3. Mintoci kaɗan bayan haka Evan Longoria na Rays ya tsallake katanga da ƙwallo a zango na sha biyu, Rays ta wuce. A daren nan na ɗauki fasinjoji har asuba, ba wanda ya ce uffan. Shi ne kaɗai daren da na yi tuƙi a Boston babu manaja a motata.

Da safe sai ga Mai Ta'aziyya, wato ɗan Yankees da ke zaune a Boston. Da sanyin murya yake shigowa, ya dafa kafaɗa, ya ce wallahi bai ji daɗi ba, yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. A 2004 ƙungiyarsa ta ci Boston wasa uku a jere sannan aka cinye ta huɗu a jere, shekara bakwai yana jiran wannan safiya.

Kwana biyu bayan wasan aka raba gari da Tito. A watan Oktoba jaridar Boston Globe ta ba da labarin cewa wasu masu jifa, Josh Beckett da Jon Lester da Lackey, suna shigewa ɗakin 'yan wasa ana tsaka da wasa a ranakun da ba su ke jifa ba, suna cin soyayyiyar kaza suna shan giya. Nan take aka haifi sabon iri, Mai Wa'azin Kaza. Mutum ne mai tumbi kamar randa, rabonsa da gudu tun yana firamare, zai shigo mota da ledar kaza a hannu, maiƙo na ɗiga a kujerata, yana yi mini huɗuba kan ladabi da kula da jiki. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Shi dai ya samu amsar da ta fi ta Malam Lissafi sauƙin haɗiya: kaza ce ta ci wasa 20.

Kore-Shi da Mai Wa'azi suka haɗa baki cewa mai tsauri ake buƙata. Aka kawo Bobby Valentine, wanda ya taɓa cin kofi a Japan, kuma wanda a 1999 alƙalin wasa ya kore shi daga fili ya dawo da gashin baki na bogi da baƙin tabarau. An gudu ba a tsira ba. Tun a Afrilu ya sa zare da ɗan wasansa Kevin Youkilis, ƙungiyar ta ci 69 ta faɗi 93, aka sallame shi bayan kaka ɗaya. Kore-Shi ya bugo rediyo yana tambayar wane mahaukaci ne ya bar Tito ya tafi. A 2013 sabon manaja John Farrell ya ci kofi, kuma Lackey ɗin nan mai kaza shi ya yi jifa a wasan da aka ɗaga kofin a Fenway. Ai-Na-Faɗa ya ce ai ya faɗa. Farrell ma an kore shi a 2017, bayan ya zo na ɗaya a rukuninsu shekara biyu a jere.

Saura iri ɗaya, Baƙo. Wannan ya zo daga ƙasar da ba a buga wasan, ya fara sauraro don kawai ya samu abin hira da fasinja ko a ƙara masa ɗan ihsani a kan kuɗin mita. Yana yi wa kowa dariya a zuci. Wata rana sai ya tsinci kansa a fitilar hanya, ba kowa a motar, yana dukan sitiyari yana yi wa rediyo tsawa da Hausa. A 2016, da Tito ya kai Cleveland wasan ƙarshe na World Series ya kara da Chicago Cubs, wadda Theo Epstein, tsohon mai sayo wa Boston 'yan wasa, ya gina, Baƙon nan ya dawo gida tuni, amma ya hana kansa barci har asuba yana bin wasa na bakwai a waya, iyalinsa na zaton rasuwa aka yi.

A 2003 ina Kano, ban taɓa jin sunan besbol ba. Amma ya kai mai karatu, duk wanda ya ce maka akwai hujjar barin Pedro a zango na takwas, ka turo mini shi. Da ni ne Grady Little, da na cire shi.